FASHIN BAƘI: Yadda auduga da soso ke gyara sautin hedifon, da muhawarar da suka tayar kan 'yancin mai saye

A shekarar 2017, wata mujallar kimiyya ta Ƙungiyar Masana Sauti ta Amurka ta wallafa binciken wani masani mai suna Jeroen Breebaart, wanda ya nazarci ma'aunin sautin hedifon guda 283, daga masu araha har zuwa masu ɗan karen tsada. Sakamakon da ya samu bai yi wa 'yan kasuwa daɗi ba, domin bai ga wata alaƙa ta a-zo-a-gani tsakanin farashin hedifon da yadda yake daidaita sassan sauti ba. Ma'ana, tsadar kaya ba ta tabbatar da cewa kunne zai samu abin da aljihu ya biya.

Tun kafin wannan bincike, akwai wasu masu sha'awar sauti a Amurka da Turai da Asiya da suka daɗe da wannan zargi. Maimakon su tsaya ƙorafi, sai suka ɗauki sukundireba suka riƙa buɗe hedifon ɗinsu, suna cusa auduga da soso da dannannen ulu, suna liƙa yumɓun roba, suna aunawa, suna kuma yaɗa sakamakon kyauta ga duk mai so. Daga wannan ɗabi'a aka samu sababbin kamfanoni, kuma a yanzu ta haɗe da wata babbar muhawara ta siyasa da tattalin arziki: idan mutum ya sayi na'ura da kuɗinsa, yana da ikon buɗe ta ya gyara, ko kuwa har yanzu kamfani ne ke riƙe da mabuɗin?

Me ke faruwa a cikin ƙoƙon hedifon?

Sauti jijjigar iska ce. A cikin kowane ɓangare na hedifon akwai wani siririn tantani da wutar lantarki ke kaɗawa gaba da baya, shi kuma yana tura iska zuwa dodon kunne. Ana auna yawan kaɗawar a daƙiƙa guda da ma'aunin haz. Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga haz 20 zuwa kusan haz 20,000. Ƙananan lambobi su ne sauti mai kauri irin na tambari, manya kuma su ne siririn sauti mai kaifi irin na ƙararrawa.

Matsalar ita ce tantanin fuska biyu gare shi. Duk lokacin da ya tura iska zuwa kunne, yana kuma fitar da wani sautin ta bayansa. A hedifon mai buɗaɗɗen baya, wannan sauti na biyu yana ficewa waje, shi ya sa na kusa ke jin abin da mutum yake saurare. A mai rufaffen baya kuwa, sautin ba ya da mafita. Sai ya bugi bangon ƙoƙon ya dawo, ya ratsa tantanin, ya gauraya da sautin asali. Wasu sassan sautin sukan ƙarfafa juna, wasu kuma su kashe juna.

Lissafin abin ba shi da wuya. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa guda a cikin iska. Igiyar sauti mai haz 100 tsawonta ya haura mita uku, don haka ƙoƙon hedifon ya yi mata ƙanƙanta, ba ta da filin kai-komo a cikinsa. Amma igiyar mai haz 6,000 ba ta kai santimita shida ba, wato kusan daidai da faɗin ƙoƙon. Wannan ne dalilin da ya sa yawancin rikicin ke aukuwa a sashen siririn sauti, inda haruffa irin su "s" da "sh" ke zama kamar allura a kunne. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne kunnen ɗan Adam ya fi saurin ji a tsakanin haz 2,000 zuwa 5,000, kuma kusa da nan ɗin ne matsalar ke zaune.

Akwai matsala ta biyu. Shi kansa jikin ƙoƙon, musamman na roba mara kauri, yana jijjiga tare da tantanin, yana ƙara nasa amon da ba ya cikin waƙar. Duk wanda ya taɓa buga farantin ƙarfe ya san yadda amonsa ke ci gaba bayan an ɗauke hannu, ya kuma san cewa da zarar an ɗora tafin hannu a kai sai ya yi tsit. Aikin kayan lafar da amo ke nan a taƙaice: su ne tafin hannun da ake ɗorawa a kan farantin.

Hanyoyi huɗu na lafar da amo

Hanya ta farko ita ce tsotse sautin da ke yawo. Auduga da ulu da soso mai buɗaɗɗun ƙofofi suna cike da ƙananan hanyoyin iska. Idan igiyar sauti ta shiga, iskar tana gogar zaruruwan, ƙarfinta ya koma ɗumi kaɗan wanda jiki ba zai ma ji ba. Irin wannan ne ke faruwa a sabon ɗakin da ba a sa komai ba: murya tana amsa-kuwwa, amma da an shimfiɗa darduma, an rataya labule, an shigo da katifa, sai ɗakin ya natsu. Sai dai wannan hanya ta fi tasiri a kan siririn sauti. Sauti mai kauri yana ratsa 'yar audugar kamar babu ita.

Hanya ta biyu ita ce ƙara wa jikin na'urar nauyi. A nan ake amfani da yumɓun roba irin wanda yara ke wasa da shi a makaranta, ko roba mai danƙo irin wadda ake liƙawa a cikin ƙofar mota don rage ƙara. Ana danna su a jikin ƙoƙon, ko a kan allon da ke riƙe da tantanin. Nauyin yana rage saurin jijjiga, danƙon kuma yana cinye ƙarfinta. Makaɗan gargajiya sun riga masana kimiyya sanin wannan, domin akwai gangunan da ake liƙa wa danƙo a tsakiyar fata don muryarsu ta sauka ta yi kauri, amon ya daina watsewa.

Hanya ta uku ita ce takura wa iska. Ana liƙa dannannen ulu, ko takarda, ko filastar asibiti mai shan iska, a bayan tantanin kai tsaye. Tantanin ba zai motsa ba sai ya tura iska ta cikin wannan shinge, don haka yakan tsaya da zarar wuta ta ce ya tsaya, maimakon ya ci gaba da rawa shi kaɗai. Wannan ce hanya mafi ƙarfin tasiri, kuma ita ce mafi haɗari. Idan shingen ya yi kauri, sauti mai kauri ya gudu, waƙa ta bushe. Idan ya yi sakwa-sakwa, kaurin ya cika ya rufe muryar mawaƙi. Haka nan akwai ƙananan huji da kamfanoni ke bari a jikin ƙoƙo, waɗanda toshe rabinsu da ɗan salatif kan sauya yawan kaurin sauti nan take.

Hanya ta huɗu ta fi sauran dabara, kuma sunan masanin Jamus na ƙarni na 19, Hermann von Helmholtz, ake kiran ta da shi. Idan aka hura iska a bakin kwalba, takan fitar da murya guda tak, wadda girman cikin kwalbar da faɗin wuyanta ke tantancewa. Idan aka ƙera wata 'yar mitsitsiyar kwalba aka saka a cikin hedifon, aka daidaita ta da muryar da ke damun kunne, aka kuma sa mata abin da zai cinye jijjigar, sai ta kama wannan muryar kaɗai ta bar sauran. Auduga kamar taru take, tana kama duk abin da ya faɗo. Wannan kuwa ƙugiya ce da ke neman kifi ɗaya.

Bayan waɗannan huɗu akwai matashin kunne, wanda mutane da yawa ke ɗauka don jin daɗi kawai aka yi shi. A gaskiya shi ne bangon ɗakin da ke tsakanin tantani da kunne. Kaurinsa, da irin fatarsa, da yadda yake manne wa kai, duk suna sauya sauti. Matashin da ya tsufa ya lotse, ko wanda ƙafar tabarau ta ɗaga, yana barin iska ta zurare, kaurin sauti ya bi ta.

Hedifon ɗin Japan da ya haifi kamfanoni

Babu na'urar da ta shahara a wannan fage kamar Fostex T50RP. Fostex kamfanin Japan ne da aka kafa a 1973, kuma tun a shekarun 1970 yake ƙera hedifon da wata fasaha ta daban. A yawancin hedifon, naɗin waya ne ke manne a tsakiyar tantani yana tura shi. A na Fostex kuwa, an shimfiɗa siririyar hanyar lantarki a faɗin tantanin, aka sa shi tsakanin jerin maganaɗisu, ta yadda kusan dukkan fuskarsa ke motsi lokaci guda. Yamaha ma ya yi irin wannan a wancan zamani da samfurinsa HP-1. A yau irin wannan fasaha ta zama ruwan dare a hedifon masu tsada.

Fostex ya yi T50RP ne don ma'aikatan situdiyo, ya sa shi cikin ƙoƙon roba mai jure wahala, ya kuma sayar da shi ƙasa da dala 200. Masu sha'awar sauti sai suka lura cewa injin da ke ciki ya fi gidan da aka sa shi daraja nesa ba kusa ba. Kuma da yake sukurori ne ke riƙe da shi, ba gam ba, kowa na iya buɗewa ya mayar ba tare da fasa komai ba. Aka shiga gwaje-gwaje: yumɓun roba a kan allo, soso a jikin bango, auduga a cikin ƙoƙo, sabon ulu a bayan tantani, matashin kunne na fata. Wasu har da sikeli suke auna audugar, don kada ɓangaren dama ya fi na hagu.

Daga cikin waɗannan mutane akwai Dan Clark, injiniya a birnin San Diego na jihar Kalifoniya, wanda a 2012 ya fara sayar da gyararren T50RP da sunan Mad Dog a ƙarƙashin kamfaninsa MrSpeakers, a kan kimanin dala 300. Bayan shekara guda ya fitar da Alpha Dog, wanda aka sake wa ƙoƙo gaba ɗaya. Daga baya kamfanin ya koma ƙera nasa tantanin, a 2019 ya sauya suna zuwa Dan Clark Audio, a 2021 kuma ya fitar da samfurin Stealth a kan kusan dala 4,000. Babban abin da aka tallata a wannan samfuri shi ne wani allo mai ramuka da ke tsakanin tantani da kunne, wanda aikinsa kashe amon da ba a so. Wato dai aikin da aka faro da auduga ne aka kai shi matakin injiniyanci. Haka shi ma Zach Mehrbach, mai kamfanin ZMF da ke yankin Chicago, da gyaran T50RP ya fara kafin ya shahara da hedifon masu ƙoƙon katako.

Abin lura a nan shi ne martanin Fostex. Bai ɗauki masu gyaran a matsayin abokan gaba ba. Ya ci gaba da fitar da sababbin zubin T50RP masu buɗuwa, ya haɗa kai da kamfanin Dekoni na Amurka mai ƙera matashin kunne suka fitar da wani samfuri, har ma ya sayar da kayan hedifon a warwatse don mai saye ya harhaɗa ya daidaita sautin da kansa. Duk gyararren hedifon da aka sayar, ai sai da aka fara sayen na asali.

Ko mai tsada ma bai tsira ba

Kada a ɗauka kaya masu araha kaɗai ke buƙatar wannan aiki. A 2009 kamfanin Sennheiser na Jamus ya fitar da HD 800 a kan kimanin dala 1,400, aka yaba masa ƙwarai saboda faɗin sautinsa da fitar da ƙananan bayanai. Amma masu aunawa sun nuna cewa yana da wani tsini a wajen haz 6,000, wanda ke gajiyar da kunnen mutane da dama idan sauraro ya yi tsawo. Waɗanda suka saya ba su jira kamfani ba. Suka riƙa yanka dannannen ulu da soso suna liƙawa a kan zoben da ke kewaye da tantanin, don rage sautin da ke bugun wurin yana dawowa.

A ƙarshen 2015 Sennheiser ya sanar da HD 800 S, wanda ya fi na farko tsada, kuma babban bambancinsa shi ne irin 'yar kwalbar nan ta Helmholtz da aka dasa a tsakiyar tantanin don kama wannan tsini. Ba a daɗe ba masu tsohon samfurin suka ƙera tasu 'yar kwalbar da guntayen soso da ulu, suna cusawa a ramin da ke tsakiya, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

A ɓangaren ƙananan iyafis da ake turawa cikin kunne, kamfanoni sun mayar da gyaran hajar sayarwa. Shure SE846, wanda ya fito a 2013, yana zuwa da matatai na musanye da ake sakawa a bakin bututunsa, kowace da irin yadda take rage ko ƙara kaifin sauti. A yau iyafis masu araha da yawa daga China suna zuwa da irin wannan tsari. Wannan shaida ce daga bakin masu ƙera kayan kansu cewa ɗan ƙyalle mai faɗin ƙwayar gero yana iya sauya abin da kunne ke ji.

Inda kunne ke yaudarar mai shi

Duk da haka, ba kowane gyara ne ci gaba ba. Mutumin da ya ɓata awa uku yana yanka soso yana da sha'awar ya ji bambanci, kuma ƙwaƙwalwa takan ba shi abin da yake so. Tunawar kunne da ainihin yanayin sauti ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi, alhali buɗe hedifon da mayar da shi yana cin mintuna. Haka kuma sanannen abu ne a wurin masana cewa idan aka kunna sauti iri ɗaya sau biyu, aka ɗan ƙara ƙarfin ɗaya, yawancin mutane za su ce mai ƙarfin ya fi daɗi.

Saboda haka ƙwararru a wannan fage suka dogara da awo. Ana ɗora hedifon a kan wani kunnen roba mai makirufo a ciki, a kunna sauti daga mafi kauri zuwa mafi siriri, manhajar kwamfuta ta zana layin da ke nuna inda sautin ya yi tsini da inda ya yi rami. A nan kam gani ya kori ji. Game da irin layin da ya kamata a nema, wata tawaga a kamfanin Harman ƙarƙashin jagorancin Sean Olive ta shafe shekaru tun daga wajen 2012 tana gwada masu sauraro ba tare da sun san samfurin da ke kansu ba, ta fitar da wani zanen da yawancin mutane suka fi so. Ba kowa ya yarda da shi ba, amma ya zama ma'aunin da ake kwatance da shi.

Akwai kuma abin da auduga ba za ta iya ba. Ba ta ƙara sauti, ragewa kawai take yi. Idan tantanin ba ya iya fitar da sauti mai kauri, ko yana karkarwa idan an ƙure shi, babu soson da zai ba shi abin da ba ya da shi. Gyara yana fito da ingancin da ke ɓoye ne, ba ya ƙirƙirar wanda babu. A nan maganar Hausawa cewa araha ba ta ado tana da gurbinta.

Sannan akwai hanyar da ba ta buƙatar sukundireba ko kaɗan, wato ikwalaiza, manhajar da ke rage ko ƙara wani sashe na sauti tun kafin ya isa hedifon. Akwai manhajoji na waya da na kwamfuta masu ɗauke da ma'aunin dubban samfura. Amfaninta shi ne ana iya kashe ta a koma yadda ake cikin daƙiƙa guda. Rauninta kuma shi ne tana zaune a cikin wayar, ba a cikin hedifon ba, kuma ba ta toshe matashin da ke yoyon iska, ba ta hana ƙoƙo kakkarwa.

Haɗarin da ke tattare da aikin

Wanda ya shiga wannan aiki ba da sani ba yana iya yin gyaran gangar Auzinawa. Tantanin hedifon ya fi ledar leda siranta, kuma maganaɗisun da ke kewaye da shi yana iya fizgo sukuru ko bakin sukundireba ya huda shi. Wayoyin ciki sirara ne kamar gashi. Wasu kayan tsotse sauti da ake amfani da su a gini, kamar audugar gilashi, suna zubar da ƙurar da bai kamata ta kusanci kunne ko ido ba.

Hedifon mara waya ya fi haɗari. A cikinsa akwai batirin litiyam wanda huda shi kan haddasa gobara. Idan kuma irin mai kashe hayaniyar waje ne, akwai ƙananan makirufo a ciki da aka daidaita su da yanayin ƙoƙon. Sauya wannan yanayi yana iya rikita lissafin, har na'urar ta riƙa fito a kunnen mutum. Don haka ƙa'idojin masu wannan sana'a ba su da yawa: a fara da abin da za a iya cirewa, a sauya abu ɗaya a lokaci guda, a yi wa dama da hagu daidai wa daida, a kuma fara koyo da na'urar da asararta ba za ta yi ciwo ba.

Haɗari mafi girma kuwa ba a kan na'urar yake ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya na fuskantar barazanar raunin ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Ma'aunin da ta bayar ga baligi shi ne desibel 80 na tsawon awa 40 a mako. Idan aka kai desibel 90, lokacin yana komawa awa huɗu kacal. Gyaran hedifon yana iya taimakawa, domin matashi mai kama kai da kyau yana tare hayaniyar titi da ta janareta, mutum ba sai ya ƙure sauti ba. Yana kuma iya cutarwa, domin kaifin nan mai zafi shi ne ke sa mutum ya rage ƙara, idan aka kawar da shi sai sauraro da ƙarfi ya zama babu gajiya. Ƙwayoyin ji da ke cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa.

Wa ke da na'urar bayan an biya kuɗi?

Duk wannan tarihi ya yiwu ne saboda dalili ɗaya: na'urorin suna buɗuwa. Kasuwar yau kuwa tana tafiya ne zuwa wata fuska. Ƙananan iyafis marasa waya, waɗanda suka mamaye kunnuwan matasa, yawancinsu da gam aka liƙe su, da batirin da ke raunana bayan 'yan shekaru. Kamfanin iFixit na Amurka, mai tantance sauƙin gyaran na'urori, ya sha ba samfuran AirPods na Apple maki sifili cikin goma, saboda ba a iya buɗe su ba tare da lalata su ba. Idan batirin ya mutu, tantani mai lafiya da maganaɗisu mai lafiya duk sai su tafi bola.

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 kan sharar kayan lantarki ya ce duniya ta samar da tan miliyan 62 na irin wannan shara a 2022, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa yadda ya dace.

Wannan ya sa batun 'yancin gyara ya shiga majalisun dokoki. A 2018 hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta aika wa wasu manyan kamfanoni wasiƙun gargaɗi kan 'yar takardar nan da ake liƙawa mai cewa garanti ya faɗi idan an ɓare ta, tana dogaro da wata dokar garanti ta 1975. Faransa ta fara tilasta sanya makin sauƙin gyara a kan wasu kayan lantarki daga Janairun 2021. Jihar New York ta sa hannu kan dokar gyaran kayan lantarki a Disamban 2022. Tarayyar Turai ta amince da dokarta ta 'yancin gyara a 2024, ko da yake jerin kayan da ta fara rufewa ya fi karkata ga wayoyi da injinan wanki da makamantansu. Wata dokar Tarayyar ta 2023 kan batura kuma ta tanadi cewa daga 2027 yawancin na'urorin hannu su kasance mai su na iya sauya musu batiri. Kamfanin Fairphone na ƙasar Holan ya riga ya nuna abin mai yiwuwa ne, da ya fitar da hedifon Fairbuds XL a 2023, wanda ake kwance shi gunduwa-gunduwa a sauya abin da ya lalace.

Ya kamata a bambance abu biyu. Gyaran abin da ya lalace daban, sauya fasalin abin da ke aiki daban. Babu dokar da ke tilasta wa kamfani ya biya ɓarnar da mai saye ya yi da hannunsa, kuma wanda ya huda tantani yana cusa auduga ba shi da bakin neman garanti. Amma abu biyun suna tsaye a kan tubali ɗaya, wato na'urar da aka haɗa da sukuru, mai kayan musanye a kasuwa, wadda ba a ɓoye bayanan ƙirarta ba.

Ga Najeriya, wannan ba muhawarar 'yan gayu ba ce. Kusan duk waɗannan kaya shigo da su ake yi, kuma tun bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 farashinsu ya yi tashin gwauron zabi. Dubban matasa a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da Computer Village a Ikeja suna cin abinci ne da buɗe na'urorin da aka ƙera a wasu ƙasashe, kuma wanda ya iya ɗaga ƙaramin guntu daga allon waya, sauya matashin kunne ko liƙa ulu a bayan tantani ba zai gagare shi ba. Duk lokacin da wani kamfani a wata nahiya ya zaɓi gam a maimakon sukuru, yana rage wa waɗannan matasa aiki, yana kuma tilasta wa mai saye ya sake neman dala. Najeriya tana da dokar gasa da kare masu sayayya da aka sa wa hannu a 2019, tana da hukumar FCCPC da ke aiwatar da ita, tana kuma da hukumar SON mai tantance ingancin kayan da ke shigowa. Ko sauƙin gyara zai shiga cikin abubuwan da ake tambaya kafin kaya su ƙetare tashar ruwa, wannan shawara ce ta siyasa, kuma 'yan majalisa ba sa ɗaukar irin ta sai an matsa musu.

Kafin nan, mai saye yana da tambayoyi uku da zai iya yi a shago: matashin kunnen yana cirewa? Wayar tana sauyuwa? Da sukuru aka haɗa shi ko da gam? Amsoshinsu sun fi sunan da ke jikin kwali faɗin shekarun da na'urar za ta yi a hannunsa.